Ranar da Minko Ya Kai Lantarki Bakin Tafki

A unguwarsu da ke garin Peshtera babu wanda bai san cewa Minko ya fi kowa sanin lantarki a ƙasar Bulgeriya ba, domin shi da bakinsa yake faɗa. Gaskiyar magana kuwa, aikin da ya yi har ya yi ritaya shi ne bin gida-gida yana karanta mita. Ko soket bai taɓa ɗaurawa ba. Amma in ka same shi a shagon aski yana bayanin yadda wuta ke gudu cikin waya, sai ka rantse ciki ɗaya suka fito.

Matarsa Donka ta daɗe da daina yi masa gardama. In ya fara, sai ta ci gaba da yankan albasarta, ta san zai gaji ya yi shiru.

Ana nan sai ya sayi wata tsohuwar mota mai ɗaki a baya, da gado da ɗan madafi da teburi mai naɗewa. Ya haɗa da ƙaramin janareta ja, mai mariƙi a ka kamar akwatin tafiya, ya raɗa masa suna Kwamanda. Kullum da safe sai ya goge shi da tsumma, abin da bai taɓa yi wa takalminsa ba.

A daidai wannan lokaci 'yarsu tilo, Zlatina, ta bugo waya ta ce iyayen saurayinta Boyan za su zo a ga juna karo na farko, ranar idin Waliyyi Georgi. Donka ta soma lissafin wanke labule da gasa ɗan rago a gida kamar yadda kowa ke yi ran nan. Minko ya buga teburi.

"A gida? Kowane gama-gari a gida yake karɓar surukai. Ni a bakin tafkin Batak zan karɓe su. Tsakiyar daji, ba turken wuta ko ɗaya, amma su tarar da firij yana aiki, nama yana gasuwa a tanderun lantarki, rediyo yana kiɗa. Su san gidan da ɗansu zai shiga."

"Minko, mutanen nan ba su san mu ba. Ka bari su fara ganinmu da mutuncinmu."

"Mutuncin ne zan kai musu a mota."

Zlatina ta roƙe shi a waya har muryarta ta dishe. Ta ce uban Boyan mutum ne mai nauyi, ba ya son hayaniya. Minko ya ce ai shi ma haka yake, shi ya sa za su shirya. Donka dai ta tura ƙaramar tukunyar wake da ashana ƙarƙashin gadon motar.

Ranar idin suka yi sammako. A bakin tafkin sun tarar da waɗanda suka riga su: motoci masu ɗaki nan da can a kan ciyawa, ga tantuna, kowa na harkarsa cikin natsuwa, ba ka jin komai sai tsuntsaye da ƙararrawar shanu daga nesa. Kusa da ruwa wani tsoho mai suna Kolyo na zaune kan guga da sandar fatsarsa. A motar da ke hannun dama kuma akwai wata mata, Ginka, mai kaifin harshe, da mijinta wanda ba a taɓa jin muryarsa ba.

Minko ya sauko da Kwamanda, ya ajiye a tsakiyar fili, ya tafa hannu.

"Maƙwabta, ku matso! Yau duhun kai ya ƙare a wannan daji."

"Da rana tsaka?" in ji Ginka. "Wane duhu?"

"Na kai na ce, maƙwabciya. Ki kalli nan. Ja ɗaya tak."

Ya ja igiya. Kwamanda ya ce gur, ya yi shiru. Ya sake ja. Ya tuɓe rigar sanyi ya ja. Ya tofa yawu a tafi ya ja har hularsa ta faɗi. Jama'a sun kewaye shi, wasu da kofin kofi a hannu.

"Ja ɗayan nan yana da 'ya'ya da yawa," in ji Ginka.

"Iskar tsauni ce. Inji mai daraja sai ya saba da iskar wuri."

"To ba shi wake ya ci, ko ya saba da sauri."

Haushi ya kama Minko, ya kai wa Kwamanda shuri. Ashe makunnin fetur ne a rufe tun daga gida, ƙafarsa ta buge shi ya buɗe. Da ya sake ja, sai inji ya kama da wata irin ƙara, tsuntsayen bishiyoyin suka watse gaba ɗaya.

"Kun gani?" Minko ya ɗaga murya. "Sai an yi masa ta soja!"

Ba a jima ba sai ga Kolyo ya hauro daga bakin ruwa, yana tafe yana toshe kunne ɗaya.

"Maƙwabci, tun ina saurayi nake kamun kifi a nan. Yau ko ƙwaɗo bai leƙo ba."

"Me ka ce?"

"Na ce ka kori kifi!"

"Kofi? Yanzu za a dafa, da lantarki!"

Sai da Donka ta ja Minko gefe ta yi masa ihu a kunne sannan ya gane. Da ya ga fuskokin mutane sun soma canzawa, sai ya yi dabarar toshe bakinsu da kyauta. Ya hau kan matakalar mota ya yi shela cewa duk mai abin da ke cin wuta ya kawo, Kwamanda zai iya riƙe ƙauye guda har da cocinsu.

Banza ta samu. Kafin ka ce kwabo an yi layi: masu waya, mai butar lantarki, mai injin aski, wani har da ƙaramin talabijin. Minko yana karɓa yana cusawa, soket kan soket, ga firij ɗinsa da kek ɗin baƙi a ciki, ga tanderu da Donka ta riga ta saka naman rago. A ƙarshe Ginka ta fito da jiƙaƙƙen kai da injin busar da gashi. Tana danna makunni, Kwamanda ya yi tari sau biyu kamar tsoho mai mura, ya mutu.

"Injin nan naki tun zamanin kwaminisanci ne," in ji Minko. "Shi kaɗai yana shan wutar masana'anta."

"Kai ka ce ƙauye guda har da coci. Kaina ya fi coci girma ne?"

"Na ce coci, ban ce babban cocin birnin Sofiya ba."

Mijin Ginka ya yi wani sauti a maƙogwaro, ta juyo ta kalle shi, ya mayar da shi tari.

Aka kwashe kaya, kowa ya koma yana gunaguni. Aka bar tanderu da firij, su ma da aka sake tayar da Kwamanda ya ƙi ɗaukar su tare. In tanderu ya kama, firij ya mutu. In firij ya farfaɗo, nama ya huce. Minko ya tsaya a tsakani yana zare wannan yana cusa wancan, gumi na zuba.

"Zaɓi ɗaya," in ji Donka. "Ko su ci ɗanyen nama da kek mai sanyi, ko gasasshen nama da kunun kek."

Ya zaɓi nama. Saura ƙara, domin yanzu ba Kolyo kaɗai ke ƙorafi ba. Wata mai jariri ta zo ta tsaya, ta ɗago masa jaririn yana tsala kuka. Minko ya yi tunani, ya shiga mota, ya fito da bargon gashin tumaki mai kauri, wanda uwar Donka ta saƙa da hannunta, ya lulluɓe Kwamanda ruf. Donka tana bayan mota tana yanka tumatir da cuku, ba ta gani ba.

Ƙara kuwa ta ragu. Minko ya zagaya motoci yana tambayar mutane ko sun ji wani abu, yana cewa ilimi ke nan. Yana cikin zagayen sai Ginka ta ɗaga hanci.

"Maƙwabci, ragon naku da gashinsa kuke gasawa?"

Hayaƙi ne ke tashi daga bargo. Kwamanda ya shaƙe ya mutu, Minko ya finciko bargon yana tattakawa. Da ya ɗaga shi, ga rami a tsakiya wanda kan mutum zai wuce. Ta cikin ramin ya hango Donka tsaye da wuƙar tumatir a hannu.

"Donka, ai ana iya... yanzu ma irin wannan ake yayi, a zura kai a ciki..."

Ba ta ce komai ba. Ta karɓi bargon, ta naɗe shi a hankali, ta kai mota. Wannan shirun ya fi tsorata shi a kan duk ihun da ta taɓa yi masa tun aurensu.

Mai hankali da a nan ya tsaya. Minko kuwa ya ce matsalar kusanci ce. Da inji ya huce, ya ɗauke shi ya kai can gindin wata bishiya, ya jona wayoyi uku na aro. Garken shanu ya zo wucewa, wata saniya ta taka mahaɗar ta rabu, nama ya sake hucewa. Ya ɗauko baƙin salatif ya naɗe kowace mahaɗa, daga bakin Kwamanda har gindin tanderu, ya naɗe ya sake naɗewa har ta yi kamar dunƙulen hannu.

"Yanzu ko tarakta ba ta raba su."

Sai dai bishiyar tana bayan tantin Kolyo ne, kuma salansar injin mai fitar da hayaƙi tana saitin ƙofar tantin. Tsohon ya shiga ɗauko tsutsar fatsa, ya fito yana hawaye.

"Maƙwabci, kifi ka kora na yi haƙuri. Yanzu ni kake so ka mayar busasshen kifi? Ka kai abin nan cikin tafki ka jefa!"

Minko ya tsaya cak, idonsa ya yi haske. Donka ta san wannan hasken.

"Kawu Kolyo, ka faɗi gaskiya ba ka sani ba. Ruwa yana haɗiye ƙara! Kowane masani ya san haka."

A motar akwai wani kwale-kwalen roba mai ruwan ɗorawa, da ya saya don jikokin da ba a haifa ba tukuna. Ya hura shi da baki har ya ga taurari. Ya ɗora Kwamanda a ciki, ya naɗe wando ya tura shi cikin ruwa iya tsawon waya, ya ɗaura wa wayar robobin ruwa marasa komai don ta yi iyo. Ya ɗaure dutse da igiya ya jefa a matsayin anka don ya riƙe kwale-kwalen wuri ɗaya, da wani ƙulli da ya ce a soja ya koya.

"A soja ai ɗakin ajiyar barguna aka ba ka," in ji Donka. Maganarta ta farko ke nan tun ƙonewar bargo.

Abin mamaki, dabarar ta yi aiki. Ƙarar ta koma nesa, iska ta ɗauke hayaƙi, tanderu ya yi zafi a kan teburi, ƙamshin nama da na'ana'a ya cika wurin. Minko ya sa farar riga, ya taje gashin baki. Har Ginka ta rasa abin faɗa, sai cewa ta yi bari dai a gani.

A haka baƙi suka iso. Zlatina ta fara fitowa tana waige-waige kamar mai neman inda gobara take. Sai Boyan, sai uwarsa Stefka da faranti na banitsa, gashin fulawa da cuku, a lulluɓe, sai ubansa Parvan, dogo, cikin baƙar kwat, fuska ba fara'a. Aka yi musabaha. Parvan ya gyaɗa kai kawai, bai furta ko kalma ba. Donka ta ji kunya ta kama ta tun kafin a yi komai. Wannan mutum, ta ce a ranta, ba zai ba mu ɗansa ba.

Minko ya zuba barasarsu ta gargajiya, rakiya, a ƙananan kofuna, ya ɗaga nasa, ya juya baya ga tafki don kowa ya ga Kwamanda a bayansa.

"Surukai, barkanku da zuwa. Ku duba kewaye. Babu turke, babu waya ta gwamnati. Amma naman da za ku ci, lantarki ne ya gasa shi. Wasu suna bin wuta, ni wuta ke bi na. A duk faɗin ƙasar nan..."

"Baba," in ji Zlatina.

"Bari in ƙarasa, 'yata. A duk faɗin ƙasar nan babu wanda ya taɓa..."

"Baba, jirginka yana tafiya."

Tun ɗazu salansa mai zafi take jingine da gefen roba. Yanzu ta huda shi. Iska ta soma fita da fito, kwale-kwalen ya juya kansa, ƙullin soja ya warware salin-alin, jirgi ya nufi tsakiyar tafki da Kwamanda yana ta ruri a kai. Waya ta miƙe. Robobin ruwa suka jeru. Mahaɗar farko ta riƙe, ta biyu ta riƙe, ta uku ma ta riƙe, domin gaskiya Minko ya naɗe su da kyau.

Tanderu ya ja jiki zuwa bakin teburi, ya ɗan tsaya, ya dira ƙasa. Ya bi gangaren ciyawa yana tsalle, ya ratsa tsakanin ƙafafun mijin Ginka, ya ture gugan Kolyo. Minko ya bi shi da kofi a hannu yana ihu, "Ku tare! Ku tare shi!" Ba wanda ya tare, kowa ya dare. A bakin ruwa tanderu ya ci karo da dutse, ƙofarsa ta wangale, farantin nama ya fito ya sauka kan ruwa, ya kama iyo a hankali da tururinsa.

Minko zai faɗa ruwa, Donka ta cafke bayan wandonsa da hannu biyu.

"Da wuta a ciki? Bazawara kake so ka mayar da ni a gaban surukai?"

Can tsakiya kwale-kwalen ya naɗe kamar tsumma. Kwamanda ya karkata, ya yi tari, ya yi kumfa, ya nutse. Shiru ya dawo tafkin Batak, har aka ji ƙararrawar shanu.

Kolyo ne ya fara motsi. Ya ɗauki sandarsa, ya auna, ya wurga. Ƙugiya ta kama cinyar rago daidai lokacin da faranti ya soma shan ruwa. Ya jawo a hankali, sanda na lanƙwasa, ya ɗaga naman sama yana ɗiga.

"Tun safe sai yanzu na yi kamu," ya ce. "Kuma wannan ba shi da ƙaya."

Dariya ta ɓarke ko'ina. Ginka ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Mijinta ma aka ji muryarsa ran nan, ashe siririya ce. Zlatina ta rufe fuska da hannu. Minko na tsaye da jiƙaƙƙen takalmi, bakinsa na motsi amma, karo na farko a rayuwarsa, babu abin da ya fito. Donka ta dube shi, duk da bargon sai ta ji tausayinsa. Ta juya wajen baƙi don ta ba da haƙuri.

Parvan bai yi dariya ba. Fuskarsa ta yi ja, jijiyar wuyansa ta tashi, kamar mai riƙe wani abu da ya fi ƙarfinsa. Ya ajiye kofi, ya taka zuwa wajen Minko, ya dafa kafaɗarsa.

"Suruki," ya ce, da murya kamar ganga, "tunaninka daidai ne. Kuskurenka ɗaya. Kwale-kwale biyu ake haɗawa, a gicciya ƙofar katako a kai. Ni da na ɗora murhun gas a kan kogin Maritsa..."

"Baba, ka yi rantsuwa!" in ji Boyan.

"Na rantse ba zan yi magana a kan teburi ba. Nan kuwa bakin ruwa ne. Suruki, ka san abin da ake yi wa injin da ya sha ruwa? Babu wanda ya fi ni sanin inji a kudancin ƙasar nan."

Minko ya ɗago kai a hankali, rai ya dawo masa.

"Inji wataƙila. Amma ɓangaren wutar sai ni."

"To ai mun haɗu. Kama wayar mu jawo shi."

Parvan ya tuɓe kwat ya miƙa wa ɗansa. Su biyu suka kama waya suna ja suna gardamar wanda ya iya ja.

Stefka ta matso kusa da Donka, ta sauke ajiyar zuciya.

"'Yar'uwa, mako guda ban yi barcin kirki ba. Boyan ya ce ku mutane ne masu natsuwa, kada ubansa ya kunyata mu. Bara rufin garejinmu ya tashi da shi, wai yana haɗa abin dumama ruwa da hasken rana."

"Ni Zlatina ta ce min mijinki ba ya son hayaniya."

"Ta wasu ce ba ya so."

Suka dubi juna, suka fashe da dariya har da hawaye. Donka ta shiga mota ta fito da tukunyar wake da ashana. Kolyo ya haɗa wutar itace, aka ɗauraye naman aka ɗora a kan garwashi, Ginka ta kawo barkono gasasshe da burodi ba a roƙe ta ba. Kek ɗin da ya narke aka zuba a kofuna, Boyan ya sha biyu ya ce bai taɓa shan irinsa ba. Zlatina ta daina ɓoye fuska.

Suna shirya teburi sai ga mazan biyu sun hauro, wanduna sharkaf, suna ɗauke da Kwamanda a tsakaninsu, ciyawar ruwa na reto a mariƙinsa, fetur na ɗiga ta gefe.

"Mata, ku ba mu wuri kusa da wutar nan," in ji Minko. "Shanya shi za mu yi."

"Kusa sosai," in ji Parvan. "Zafi ne maganinsa."

Kolyo ya zare naman daga wuta, ya yi gaba da shi. Ginka ta ja mijinta. Stefka ta kama gefe ɗaya na teburi, Donka ta kama ɗayan.

"Ke yawanci ina kike tsayawa?" in ji Stefka.

Donka ta auna tazarar da ido.

"In shi kaɗai ne, bayan bishiyar can ya isa. Amma yau su biyu ne. Mu hau tudu."